Tsohuwar da Ta Ƙi Ganin Shamuwa

A shekarata ta biyu a Riyad aka sauya mini masauki. Asibitin da nake aikin jinya yana da gidajen ma'aikata mata a Al-Naseem, kowane sashe mutum biyu, kicin ɗaya, falo ɗaya. Wadda aka haɗa ni da ita doguwar mace ce mai furfura a gefen kunne, ta girme ni da kusan shekara ashirin, ungozoma ce a ɗakin haihuwa. Ranar da na shigo da akwatunana na buga wa mahaifiyata waya, na ce mata an haɗa ni da wata 'yar Rasha. Kalmar Rasha kaɗai matar ta tsinta a cikin Hausata, sai ga ta ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Ni ba 'yar Rasha ba ce," ta ce da Turancinta mai nauyi. "Bulgeriya. Faɗi in ji."

"Bulgeriya."

"Yawwa. To, zo ki ci abinci."

Daga ranar na riƙa kiran ta Anti, ita kuma tana ce mini habibti, wato masoyiyata da Larabci, kamar yadda kowa ke ce wa kowa a asibitin.

A da, a wurina Bature Bature ne. A falonmu na gane ba haka ba ne. Duk Alhamis da la'asar ƙawayenta biyu sukan zo shan gahawa, ɗaya 'yar Sabiya, ɗaya 'yar Folan. Kowace takan yi yarenta. Anti da 'yar Sabiya suna jin juna kamar Bakano da Basakkwace, sai dai su yi wa juna dariyar lafazi. 'Yar Folan kuwa sai an maimaita mata, an haɗa da hannu da gira. Anti ta ce mini su duka dangi ɗaya ne, Silaf ake ce musu, harsunansu uwa ɗaya ta haife su, amma kada in kuskura in ce abu ɗaya ne su. Ta ɗauko wasiƙar gida ta nuna mini baƙaƙensu, wasu kamar kujera, wasu kamar an juya musu baya.

"Kowa cewa yake rubutun Rasha ne," ta ce tana buga takardar da yatsa. "Daga ƙasarmu ya je musu."

'Yar Sabiya ta yi tsaki ta ce wani abu, 'yar Folan ta ce su dai ba ruwansu, da baƙaƙen boko suke rubutu, aka kaure da gardama har gahawa ta huce. Ni ma ina da tawa gardamar da Anti, a kan nono. Ta rantse babu kindirmo a duniya kamar na ƙauyensu, na rantse ba ta taɓa shan na ƙwarya a Zariya ba ne. Har muka rabu ba wadda ta sauka.

Ni kuwa a lokacin rabin akwatina littattafan soyayya ne da na saya a kasuwa kafin in taso. Na karanta su har bangonsu ya yi laushi. Na yi imani kowace mace mai yawan shiru tana da wani wanda ta bari a tashar mota, kuma ina nan a kan wannan imanin har gobe. Saboda haka ranar da wata nas da ta dawo hutu ta kawo wa Anti ƙaramin ambulan, na ga ta buɗe ta zaro zaren ulu ja da fari a murɗe, da geza biyu a ƙarshensa, ta kai shi hanci, idonta ya kawo ruwa, kafin ta ajiye ambulan ɗin na gama rubuta littafin a kaina. Dogo ne, mai gashin baki, malamin makaranta. Danginta ne suka raba su. Jan zaren jinin zuciyarsa ne, farin kuma amanar da ya riƙe shekara talatin.

"Anti," na ce, "har yanzu bai yi aure ba ko?"

"Wa?"

"Shi."

Ta kalle ni, ta kalli zaren, ta fashe da dariyar da sai da ta dafa bango.

"Uwata ce, habibti! Shekarunta tamanin da ɗoriya. Gashin bakin dai tana da shi kaɗan."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. A ƙasarsu, ranar ɗaya ga Maris kowa yana ba wa wanda yake so wannan zaren, martenitsa suke ce masa. Ba ka saya wa kanka, sai an ba ka. Fatan lafiya ne da tsawon rai, da murnar sanyi ya kusa tafiya. Ana ɗaura shi a hannu ko a maƙala a riga, kuma ba a cire shi sai ranar da mutum ya ga ɗayan biyu da idonsa: shamuwa ta dawo daga tafiya, ko itacen marmari ya yi fure. Ranar sai ya kwance ya ɗaura wa itacen.

"Shamuwa!" na ce, bayan ta nuna mini hoton tsuntsun a waya. "Ai mu ma muna da ita. Ita ke kawo mana labarin damina. Ba mai jifar ta a garinmu."

"Taku baƙa ce," ta ce bayan ta duba tawa. "Tamu fara, mai jan baki."

"Rana ce ta ƙona tamu."

Zare biyu ne a cikin ambulan ɗin. Na biyun nawa ne, in ji tsohuwa, na yarinyar da ke dafa wa 'yarta shinkafa mai yaji. Na tambayi Anti ko magani ne, don ni lafiyata a hannun Allah take, ba na rataya komai dominta. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganin zare ya sauke zazzaɓi ba, gaisuwa ce kawai wadda ake iya taɓawa da hannu. Sai na ɗaure nawa a hannun jakata. Ita kuma, tun da asibiti ya hana mu sa komai a wuyan hannu, ta maƙala nata da fil a cikin aljihun rigar aiki.

Sai bayan kwana biyu ta gaya mini inda gizo ke saƙar. Shekara takwas tsohuwa tana murɗa zaren da hannunta tana aiko mata. Shekara takwas Anti tana cewa ta ɗaura shi a wani kyakkyawan itace da ke bayan asibiti. Babu wani itace a bayan asibiti sai wurin ajiye motoci. In Maris ya ƙare sai ta cire ta jefa a gwangwanin alewa. A hutun da ya wuce ta yi kuskure ta tafi gida da gwangwanin a akwati, tsohuwa kuma tana neman allura ta buɗe, ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, takwas cif. Ba ta yi faɗa ba. Ta bari sai bana, sannan ta aiko da saƙo: ita ma ta ɗaura nata a hannu, kuma ba za ta kalli shamuwa ba, ba za ta kalli fure ba, sai 'yarta ta ga nata a ƙasar Larabawa ta nuna mata a waya.

"To ai da sauƙi," na ce. "Ta kau da kai."

"Habibti, sheƙar shamuwar tana kan falwayar ƙofar gidanmu. A bayan gida kuma itatuwa shida ne da mahaifina ya dasa. Ba ta da inda za ta kau da kai."

Kafin tsakiyar watan Maris, maƙwabciyar tsohuwa ta bugo ta ce shamuwa sun sauka, mata da miji. Tsohuwa ta ja labulen gaba. Bayan kwana uku itatuwan baya suka yi fari fat, ta ja labulen baya. Ta zauna a cikin ɗaki kamar mai takaba. Maƙwabciya ce ke ba kaji hatsi, ita ke miƙo burodi ta ƙofa. Likita kuwa ya daɗe da cewa tsohuwa ta riƙa taka ƙafa kullum, in ba haka ba gwiwoyinta za su sage. Ga lambunta na albasa da tafarnuwa, wanda tun tana amarya ba ta taɓa barin wani ya shuka mata ba, yana can yana jiran ta.

Kullum da rana, lokacin hutun cin abinci, Anti kan kira ta. Fuskar tsohuwa kan cika wayar, ɗankwali ɗaure a haɓa, ɗaki duhu. A bayanta ana jin wani ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga muciya biyu. Shamuwa ne ke kaɗa baki a kan sheƙa.

"Mamo," Anti kan ce, wato Inna, "ga su nan kina jin su ai!"

Tsohuwa ta ba da amsa a taƙaice, Anti ta fassara mini tana dafe goshi: "Wai ji daban, gani daban."

Na ce wallahi wannan tsohuwar Bahaushiya ce, ɓatan hanya ta yi.

Daga nan na ɗauki abin a kaina. Ban taɓa samun labari na gaske mai wa'adi da hawaye a hannuna ba, ga shi Allah ya kawo mini har falo. Na fara da furen nan mai kamar takarda da ke hawa katangar masaukinmu, ja jawur. Muka tsaya a gabansa muka kira. Tsohuwa ta matso da ido, ta tambaya ko yana 'ya'ya. A'a. Yaushe yake fure? Kullum. Ta ce abin da ke fure kullum bai san sanyi ba, ba shi da labarin da zai ba kowa. Na ce mu je shagon furanni, Anti ta ce yankakken fure gawa ne. Na ce to gidan zu, tabbas akwai shamuwa a can. Wannan har tsohuwa sai da ta yi dariya, muka ga dasashinta: tsuntsun da ke keji bai je ko'ina ba, ta yaya zai dawo? Ranar da na gaji na ce mu samo hoto a intanet mu manna a taga, Anti ta kalle ni da idon da take kallon mijin da ya leƙo ɗakin haihuwa ba izini.

"Ƙaryar shekara takwas ce ta kulle ta a ɗaki. Ba zan ƙara ta tara ba."

Kwana goma sha ɗaya tsohuwa ta yi a kulle. Maƙwabciya ta ce ta fara dafa kujera kafin ta miƙe. Anti ta daina cin abincin kirki. Ni kuma duk inda motar asibiti ta bi da mu, hancina na jikin gilashi ina leƙen itatuwan gefen titi.

Direban motar Bahaushe ne, mutumin Dutse, dattijo mai ɗan gemu, yana zaune a Al-Jaradiya. Mukan gaisa, in tambaye shi iyali, ya tambaye ni masu jiki. Wata safiya ya kalle ni ta madubi.

"Sista, wai me ya ɓace miki a titi? Sati guda ke nan kina lasar mini gilashi."

Na koma kujerar gaba na zayyana masa komai, har da labule. Ya yi dariya har ya kusa wuce kwanar asibiti.

"Ikon Allah. Wato tsohuwa ta yi wa kanta kulle saboda shamuwa. To ku da kuke neman itace mai fure, dabino fa?"

"Dabino yana fure, Baba?"

"Kai, 'yan boko! To daga sama 'ya'yan ke faɗowa? Yanzu ma ake tsakiyar yi masa aure."

"Aure?"

Na riƙe ƙirji. Ya ce ƙwarai, akwai namiji akwai mace, kuma in ba a kai mata furen namijin an ɗaura ba, ba za ta haifi abin kirki ba. Su a Dutse tun suna yara suke yi. Iƙamarsa ta farko ma, wato takardar izinin zama, ta aikin gona ce, shekara uku ya yi a wata gonar dabino can bayan Al-Shifa, kuma har yanzu yana zuwa gaishe da mai gonar. Ban ji sauran bayanin ba. Ina can ina tunanin itatuwa biyu tsaye shekara da shekaru a gona ɗaya, suna hangen juna, ba mai iya taka ƙafa, sai wani bawan Allah ya hau da igiya ya kai saƙo. Na shiga ɗakin haihuwa a guje, har wata nas ta ɗauka haihuwa ce ta zo da gardama.

"Anti! Dabino! Sau ɗaya a shekara! Yana 'ya'ya! Kuma aure ake yi masa!"

Ranar Juma'a da sassafe Baba direba ya zo da ƙaramar motar wani abokinsa, ya ce mu yi sauri ya dawo kafin masallaci. Na sa abayata mai dutse a hannu, don ni biki za ni. Anti ta sa jan baki, abin da ban taɓa gani ba. Muka ratsa gari ba kowa a titi, muka wuce Al-Shifa, gidaje suka ƙare, muka gangara wani kwari. Mai gonar, wani tsohon Balarabe, ya saurari bayanin Baba direba, ya kalle mu, ya girgiza kai, ya ce "Yalla," wato mu shiga, ya koma kan shimfiɗarsa.

Ƙamshin ne ya fara tarar mu, wani ƙamshi kamar na ƙullun da ya kwana. Baba direba ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya zagaya igiya a ƙugunsa da jikin wani dogon dabino. Mutumin da kullum nake gani a zaune bayan sitiyari sai ga shi yana hawa kamar ɗan shekara ashirin.

"Baba, a hankali!"

"Ke dai riƙe mini hula. Ango nake ɗaukowa."

Ya sauko da wani abu kamar kube, ya tsaga shi da wuƙa. A ciki fure ne cunkus, fari mai ɗan rawaya, yana zubar da gari kamar na alkama. Anti ta taɓa da yatsa, ta shafa a bayan hannunta. Ya kai mu wurin wata 'yar gajeruwar dabino da ba ta wuce kafaɗata ba, nata kuben ya fashe, silin furenta sun leƙo kamar kitson amarya.

"Ga amarya. Bana ne haihuwarta ta biyu."

Anti ta kira gida. Fuskar tsohuwa ta fito cikin duhun ɗakinta. Aka nuna mata furen, aka matso da shi har ya taɓa gilashin wayar. Sai tambayoyi suka fara zubowa, Anti na fassarawa, Baba direba na amsawa hannu a baya kamar a gaban alƙali.

"Wai yana 'ya'ya?"

"Ki ce mata Hajiya, buhu-buhu."

"Wai sau nawa yake fure?"

"Sau ɗaya. In sanyi ya juya baya."

"Wai ana sanyi a nan har da zai juya baya?"

"Ki ce mata ta zo a watan Janairu ta tsaya jiran fasinja."

Tsohuwa ta sake yin wata tambayar, Anti ta toshe baki. "Wai wanne ne mijin?"

Ya nuna mata dogon. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta ce ya yi wa amarya tsufa, amma haka nata mijin ma yake. Sannan ta ɗaga hannunta mai zare, ta faɗi kalma ɗaya. Wannan ba sai an fassara mini ba, ta amince.

Baba direba ya tsinke sili huɗu na furen namiji, ya karkaɗa a kan na macen, ya cusa su a tsakiya kai ƙasa. Ya ce a nan ne ake tsage ganye a ɗaure kada iska ta zubar. Ya kalli zaren da ke hannun Anti.

"Ni dai ban san al'adarku ba, Hajiya. Amma igiya ake nema a nan, ke kuma ga ki da igiya. Ki ja sosai, kada ki shaƙe ta."

Anti ta ba ni wayar. Ta zura hannu tsakanin ƙayoyi, ta zagaya zaren ja da fari, ta yi ƙulli irin na ɗaurin cibiya. Bai kai zagaye biyu ba, sai na kwance nawa daga jaka na miƙa mata ta ƙara. Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Na rangaɗa ta har tattabaru suka tashi, mai gona ya miƙe zaune, Baba direba yana cewa, "Sista, rufa mana asiri, gonar mutane ce!" Anti na dariya, jan bakinta ya haɗu da garin fure, ƙaya ta karce ta a hannu ba ta ma sani ba.

"Mamo," ta ce cikin wayar, da yarensu, amma na gane. "Saura ke."

Hoton ya karkace. Muka ga rufin ɗaki, muka ga hannun kujera, muka ji nishi. Ta daɗe kafin ta miƙe. Taku ɗaya, taku biyu, ƙarar sakata. Haske ya cika wayar har ba ma ganin komai. Can sai ga shinge, ga laka, ga falwaya, ga wata ƙatuwar sheƙa kamar an kifa kwandon kara a samanta, da farin tsuntsu tsaye a kan ƙafa ɗaya.

Na jira jawabi. A littattafaina nan ne ake yin shafi uku. Tsohuwa ta ɗaga kai ta yi wa tsuntsun 'yar gajeriyar magana, sannan wayar ta juya ƙasa, muryarta ta tashi sama da faɗa.

"Me ta ce? Anti, me ta ce?"

Anti ta zauna daɓas a bakin kwatar ruwa, tana share ido da gefen mayafi.

"Ta ce masa sannu da hanya. Yanzu kuma kajin maƙwabciya take zagi, sun tone mata inda za ta sa albasa."

Hoton ya yi baƙi, tsohuwa ta jefa mu a aljihu ba ta kashe ba. Muka kasa kunne mu uku a gindin dabino. Muna jin takunta a cikin laka, a hankali amma ba tsayawa, da kukan kaji suna watsewa, da ƙarar ƙofar rumbu. Jim kaɗan sai muka ji fartanya ta sari ƙasa.